Rabin Sakan da Ya Tona Asirin Jia Tan

A cikin kusan kowace kwamfuta mai aiki da tsarin Linux akwai wata 'yar manhaja da ake kira XZ Utils. Aikinta guda ne: ta matse fayil ya ƙanƙance don ya yi sauƙin ajiyewa ko aikawa, in an tashi amfani da shi kuma ta warware shi. Ba a tallarta, galibin masu cin moriyarta ma ba su taɓa jin sunanta ba. Amma da yake mafi yawan manyan kwamfutocin da ke ɗauke da intanet, waɗanda ake kira saba, da Linux suke aiki, duk inda ka leƙa sai ka tarar da ita: bankuna, kamfanonin waya, jami'o'i, ma'aikatun gwamnati.

Wani ɗan ƙasar Finlan mai suna Lasse Collin ne ke kula da ita tun kafin 2010, shi kaɗai, ba tare da wani ya biya shi ko sisi ba. Da harshen C aka rubuta ta, wato harshen da Dennis Ritchie ya ƙirƙiro a cibiyar Bell Labs ta Amurka a farkon shekarun 1970. Rubutunta a buɗe yake, kowa na iya karantawa, kowa na iya aiko da gyara. Sai dai gyaran ba ya shiga sai mai kula da manhajar ya duba ya amince. Duk tsaron abin a nan ya rataya.

A ƙarshen 2021 wani mai kiran kansa Jia Tan ya fara aiko wa Collin gyare-gyare. Na farkon bai taka kara ya karya ba, ɗan fayil ne na daidaita yadda ake jera rubutu. Daga nan sai wani, sai wani. Aikinsa tsaf, maganarsa da ladabi, ba ya gaggawa, in an ce ya sake ya sake. Duk wanda ya taɓa riƙe shago ya san irin yaron da ke zuwa yana share ƙofa ba a sa shi ba, a aike shi ya dawo da canji daidai, har ranar da mai gida zai ga babu dalilin hana shi mabuɗi. Haka Jia Tan ya zauna wa Collin.

A tsakiyar 2022 sai wasu baƙin sunaye suka ɓullo a zauren imel na masu aikin xz. Wani Jigar Kumar ya shiga ƙorafi cewa gyare-gyare sun daɗe a ajiye ba a duba ba, wai ba za a ga ci gaba ba sai an samu sabon mai kula, wai Collin ya daina damuwa da aikin. Wani Dennis Ens shi kuma ya zo da taushin murya, yana jajanta wa Collin, amma maganarsa a wuri ɗaya take ƙarewa: a miƙa wa wani. A watan Yuni Collin ya ba su amsa. Ya ce bai daina damuwa ba, sai dai ya daɗe yana fama da matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta rage masa ƙarfi, ya kuma tuna musu cewa aikin sa kai ne da babu mai biyansa. A cikin amsar ya ambaci cewa Jia Tan na taimaka masa, wataƙila nan gaba ya ɗauki babban matsayi. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Masu bincike da suka bi sawun waɗannan sunaye daga baya sun tarar ba su da wani tarihi a intanet kafin wannan matsin lamba, kuma da buƙata ta biya sai suka yi ɓatan dabo.

Kafin ƙarshen 2022 Jia Tan ya samu ikon shigar da gyara da kansa. A watan Maris na 2023 shi ya fitar da siga ta 5.4.2 da sa hannunsa. Cikin 'yan kwanaki ya sauya adireshin da ke karɓar rahoto daga OSS-Fuzz, wata hidimar Google da ke yi wa manhajoji gwajin neman kurakurai dare da rana, ya mayar da shi nasa. A watan Yuni wani sabon suna, Hans Jansen, ya kawo gyaran da ya ce zai ƙara wa xz sauri, ta amfani da wata dabara mai suna ifunc da ke ba manhaja damar zaɓar hanyar da za ta bi a daidai lokacin da take tashi. Jia Tan ya karɓa. A watan Yuli ya nemi a kashe wannan dabarar a gwajin OSS-Fuzz, da hujjar cewa ba ta jituwa da kayan gwajin. Kowane mataki, in ka ɗauke shi shi kaɗai, akwai dalilinsa mai kama hankali.

Sai a ƙarshen Fabrairun 2024 ya dasa abin da ya zo dasawa, kuma inda ya ɓoye shi ya isa a tsaya a duba.

Manhajar matse fayil tana buƙatar fayilolin gwaji, har da lalatattu, don a tabbatar ba za ta rikice ba in an ba ta shara. Ba wanda ke karanta irin waɗannan fayiloli, don ba rubutun mutane ba ne, tarin lambobi ne kawai. Jia Tan ya ƙara guda biyu. Ɗaya daga cikinsu sunansa ma na cewa lalatacce ne. Kuma da gaske in ka ba xz shi za ta ce ya lalace. Ashe lalacewar ta ganganci ce: an musanya wasu alamomi huɗu ne da juna, gurbin tazara da na babbar tazara, ɗan layin tsakiya da ɗan layin ƙasa. In aka mayar da kowace alama mazauninta, sai fayil ɗin ya warware lafiya lau, umarni ya fito daga cikinsa. Wannan umarnin shi zai je ga fayil na biyu, ya yi ta ɗauka yana tsallakewa, ya tattaro gutsattsarin da aka warwatsa a ciki, ya kwance sirrin da aka lulluɓe su da shi, ya fito da muguwar manhajar a shirye.

Saura wanda zai tayar da wannan aiki. Nan ne tsofaffin harsuna suka yi masa rana. Kafin rubutun C ya zama manhaja mai aiki sai an harhaɗa shi, kuma tsohon tsarin da ake bi wajen shirya harhaɗawar, Autoconf, tun 1991 yake. Shi kuma ya dogara ne da wani harshe mai suna m4, wanda Brian Kernighan da Dennis Ritchie suka rubuta a 1977. Abin da wannan tsari ke fitarwa dubban layuka ne cunkushe da alamomi, waɗanda ko ƙwararru ke wucewa da ido ba su tsaya ba, don an saba na'ura ce ke tofo su. A cikin wani fayil na m4 Jia Tan ya sa 'yan layukan da ke gyara lalataccen fayil ɗin nan su kunna shi. Bai kuma sa wannan fayil a rumbun GitHub inda jama'a ke duba kowane canji ba. A cikin ƙunshin da ake saukewa kaɗai ya sa shi, wanda masu haɗa tsarin Linux ke ɗauka su gina. An saba ganin ɗan bambanci tsakanin rumbu da ƙunshi, don haka ba wanda ya ɗaga gira. Ranar 24 ga Fabrairu ya fitar da siga ta 5.6.0.

Bayan 'yan kwanaki ya yi wani abu da ya fi wannan ƙanƙanta. Akwai wani shinge na Linux mai suna Landlock da ke taƙaita abin da manhaja za ta iya taɓawa. Kafin a kunna shi, sai an harhaɗa wani ɗan guntun rubutun C don a gwada ko kwamfutar na da shi. In guntun ya haɗu, a kunna shingen, in bai haɗu ba a ɗauka babu. Jia Tan ya sa ɗigo ɗaya tak a farkon wani layi na guntun. Da wannan ɗigon guntun ba zai taɓa haɗuwa ba a kowace kwamfuta, kuma ba za a ga wani kuka ba, shingen ne kawai zai zauna a kashe.

To me ya haɗa manhajar matse fayil da kutse? Masu kula da saba ba sa zama a gabanta. Daga nesa suke shiga, ta wata manhaja mai suna OpenSSH, wadda ke tantance mabuɗin mai shigowa. OpenSSH tana daga cikin manhajojin da aka fi sa wa ido a duniya, kuma ita kanta ba ta amfani da xz. Amma Debian da Fedora da wasu tsare-tsaren Linux sun ɗan yi mata kwaskwarima don ta riƙa sanar da systemd, mai tayar da ayyukan kwamfuta, cewa ta tashi. Shi kuma wannan ɓangare na systemd yana janyo xz tare da shi. Ta wannan ɓarauniyar hanya xz ke tsintar kanta a ɗaki ɗaya da mai tsaron ƙofa. Da dabarar ifunc ɗin nan, muguwar manhajar kan sauya ɓangaren da ke duba sa hannun mai shigowa. Duk wanda ya zo da mabuɗi na yau da kullum sai a bi da shi yadda aka saba. Wanda ya zo da wani mabuɗi guda na musamman, irin wanda ake kira Ed448, sai kwamfutar ta aiwatar da duk umarnin da ya ba ta da cikakken iko, ba tare da kalmar sirri ba. Ko wani ɓarawon ya gano hanyar ba zai iya bin ta ba, don mabuɗin na hannun wanda ya dasa ta.

Abin da ya rage shi ne sabuwar sigar ta bazu. Debian ta ɗauke ta a reshenta na gwaji cikin kwana biyu. Fedora ma ta ɗauka. Sai aka fara samun tangarɗa: wata manhajar bincike mai suna Valgrind ta riƙa kuka a kan xz. Wani injiniyan kamfanin Red Hat ya bayyana daga baya cewa Jia Tan ya yi makonni yana aiko masa imel yana roƙon a sa sabuwar sigar a Fedora, har suka yi aiki tare wajen kashe kukan Valgrind, bai san cewa muguwar manhajar ce ke jawo shi ba. Ranar 9 ga Maris Jia Tan ya fitar da 5.6.1 a matsayin gyara. Lokaci kuma ya fara ƙure masa, domin a ƙarshen Fabrairu masu aikin systemd sun fara shirin daina janyo xz kai tsaye, abin da zai toshe hanyar gaba ɗaya. A ƙarshen Maris Hans Jansen ya sake ɓullowa yana matsa wa Debian ta ɗauki 5.6.1, wasu baƙin sunaye na mara masa baya. Jia Tan da kansa ya nemi Ubuntu, wani tsarin Linux, ta ɗauka, a daidai lokacin da take shirin fitar da siga ta 24.04 a watan Afrilu, wadda kamfanoni ke girkawa su yi shekaru a kanta.

Wanda ya tona asirin, Andres Freund, Bajamushe ne mazaunin San Faransisko, injiniya a Microsoft, shekararsa 38 a lokacin. Ba ma'aikacin tsaro ba ne. Aikinsa inganta PostgreSQL, manhajar adana bayanai, kuma babban abin da ya dame shi shi ne sauri: wane gyara ne ya ƙara, wanne ya rage. Mai irin wannan awo yana son kwamfutarsa ta yi tsit, kada wani aiki na gefe ya ɓata masa lissafi. Reshen gwaji na Debian yake amfani da shi, don haka sabuwar xz ta riga ta shiga kwamfutarsa.

Yana cikin awo sai ya lura OpenSSH na cin ƙarfin kwamfuta fiye da kima. Duk kwamfutar da ke kan intanet ba ta rabuwa da masu gwada sa'a, na'urorin da ke ƙwanƙwasa ƙofa da sunayen bogi ana korarsu nan take. Korar mai sunan bogi bai kamata ta ci komai ba, amma ga shi tana ci. Ya auna. A da, yunƙurin shiga na ɗaukar sakan 0.299. Yanzu yana ɗaukar 0.807. Rabin sakan ke nan, abin da kusan kowa zai ɗora wa intanet laifi ya wuce. Sai ya tuna kukan Valgrind da ya gani makonni kaɗan da suka wuce a gwaje-gwajen PostgreSQL, lokacin da ya dawo daga ganin iyayensa a Jamus da gajiyar tafiya, ya ajiye shi a ransa bai bi ba. Ya bi sawun inda ƙarfin ke tafiya, sawu ya kai shi xz. Da farko ya zaci an yi wa Debian kutse ne. Da ya kwatanta ƙunshi da rumbu sai ya ga ɓarnar daga tushe take.

Ya fara sanar da Debian da sauran masu haɗa Linux a asirce. Ranar Juma'a 29 ga Maris 2024, ana cikin azumin Ramadan, Turai da Amurka kuma na shiga hutun Ista, ya bayyana wa duniya abin da ya gano, dalla-dalla, yana mai cewa shi ba masanin tsaro ba ne. Red Hat ta ba matsalar lamba CVE-2024-3094 da maki 10 cikin 10, mafi girman haɗari a ma'aunin. Hukumar CISA ta Amurka ta shawarci jama'a su koma tsohuwar siga irin 5.4.6. GitHub ta rufe rumbun xz, ta dakatar da asusun Jia Tan da na Collin, kafin ta mayar wa Collin nasa bayan 'yan kwanaki. Ubuntu ta ɗage fitar da sigarta ta gwaji da mako guda, ta sake gina manhajojinta. Abin ya riga ya shiga rassan gwaji na Debian da Fedora, da openSUSE Tumbleweed da Kali Linux, amma bai kai ga tsayayyun sigogin da bankuna da gwamnatoci ke dogara da su ba. Shugaban Microsoft, Satya Nadella, ya fito fili ya yaba wa Freund. Shi kuwa Freund ya yi ta nanata cewa dacewa ce ta haɗu da dacewa.

Collin ya dawo ya zauna bin duk abin da abokin aikinsa ya taɓa. Washegarin tonon asirin ya cire ɗigon nan. A ƙarshen Mayu ya fitar da 5.6.2, babu muguwar manhajar, babu ifunc. OpenSSH ta koyi sanar da systemd da kanta ba tare da janyo kowa ba. A watan Afrilu kuma gidauniyoyin OpenSSF da OpenJS suka yi gargaɗi cewa sun ga irin wannan yunƙuri a wani wurin: baƙin sunaye na aiko imel suna neman a ba su ragamar wata manhaja, wai don su gyara matsalolin tsaro da ba su fayyace ba.

Wani abin lura shi ne, kwana biyu bayan fitar 5.6.0, ofishin tsaron intanet na fadar shugaban Amurka ya fitar da rahoto yana kira ga masu rubuta manhaja su bar harsuna irin C su koma irin Rust. Suna da hujja. C na barin mai rubutu ya taɓa ma'adanar kwamfuta yadda ya ga dama, kuma Microsoft ta ce a 2019 kusan kashi 70 cikin 100 na ramukan tsaro da take toshewa daga irin wannan kuskure suke. A watan Yulin 2024 hukumar binciken soja ta DARPA ta sanar da shirin TRACTOR, na amfani da ƙirƙirarriyar basira wajen juya tsohon rubutun C zuwa Rust. A watan Nuwamba Google ta ce wata basirarta mai suna Big Sleep ta gano rami a manhajar SQLite kafin ya kai ga jama'a. Duk wannan ci gaba ne na gaske, amma maganin kuskure ne. Jia Tan bai yi kuskure a C ba. Ya san abin da yake yi, an kuma ba shi izinin yi.

Abin da ya biya kafin ya samu wannan izini shi ne fiye da shekara biyu na aiki mai kyau, ɗaruruwan gyare-gyare na gaskiya. Tsadar wannan hanya ita ce ke rage masu bin ta. Yanzu na'ura na iya rubuta gyara mai tsafta cikin minti ɗaya, ta rubuta imel na ladabi da na gori da sunaye goma, cikin kowane harshe. Rubutu ya yi araha, karatu bai yi ba. Tun a Janairun 2024 Daniel Stenberg, ɗan Suwidin mai kula da manhajar curl, ya koka cewa rahotannin ramukan tsaro na ƙarya da ƙirƙirarriyar basira ke rubutawa suna cinye masa lokaci, don suna kama da gaskiya sai an zauna an bi su kafin a gane shirme ne. Gajiyar da aka yi amfani da ita a kan Collin, yanzu ana iya ƙera ta da yawa. Gaskiya ne ita ma na'urar ba ta ƙosawa da karanta layukan m4 dubu goma, kuma wannan amfani ne babba. Amma sai wani ya ga dacewar a nuna mata wurin, ya kuma iya bambance kukanta na gaskiya da na banza. Kamfanin da ke murnar cewa basira ta ninka masa yawan rubutu, ya kamata ya tambayi kansa ko ya ninka masu dubawa, da kuma nawa yake ba mutanen da ya gina dukiyarsa a kan aikinsu na kyauta.

Shi dai Jia Tan bai sake cewa uffan ba tun daga ranar da asiri ya tonu, ba a kuma gurfanar da kowa ba. Masu bincike sun duba lokutan da yake aiki, suka ga agogonsa na nuna yankin Sin, amma ya yi aiki a ranakun sabuwar shekarar Sinawa, wasu lokutan kuma agogon ya zame ya nuna gabashin Turai. Da yawa daga masana na ganin irin wannan haƙuri da kashe kuɗi sai ƙungiya mai gwamnati a bayanta. A watan Agustan 2025, fiye da shekara guda bayan tonon asirin, kamfanin tsaro na Binarly ya ba da rahoton cewa har lokacin akwai tsofaffin ƙunsoshin Linux a rumbun Docker Hub ɗauke da gurɓatacciyar xz, wasu kuma an riga an gina sababbin ƙunsoshi a kansu.